Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kantoman birnin Damagaram kan filaye da gidajen talakawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙon wannan gari, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamin makaranta ne. A Birni, tsohuwar unguwar garin nan, aka haife ni, mahaifina magini ne har ya koma ga Allah, ni kuma yau shekarata 17 ina zaman haya a garin da aka binne cibiyata. Na fara da wannan ne don ka san bakin da maganar ta fito. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, ɗan haya ma ya sani, don shi ke tashi tsakar dare yana tara kwano. Wasiƙar taka ce, amma zan so ta kai kunnen Gwamnan jiha, da jami'an da ke kula da tsarin gari da gidaje, da fadar Mai Martaba Sultan, domin wannan jinka ta fi ƙarfin hannu ɗaya.

Abin dariyar shi ne ina da fili. Takardarsa na cikin akwati, a naɗe cikin leda tare da takardun haihuwar yara. Parsel ne mita 20 bisa 20, na saye shi hannun wani dillali shekara tara da suka wuce, da kuɗin adashin da muka yi ta zubi a makarantarmu, da kuɗin wata karsana da maiɗakina ta sayar. Ranar da takardar ta shigo hannuna ban runtsa ba don murna. Yanzu kuwa bai fi sau biyu ko uku nake leƙa wurin a shekara ba. In hau babur, in yi ta tafiya har kwalta ta ƙare, in shiga rairayi, in yi ta dube-dube kafin in gano turakun siminti huɗu da ke nuna iyakata. Da damina ma ba a ganinsu, gero ya rufe su. Dattijon da gonar take tasa kafin a yanka har yanzu yana shuka wurin, ni kuma ban hana shi ba. Duk sanda muka haɗu sai ya jingina da hauyarsa ya ce, "Malam, yaushe za a zo a yi mana maƙwabtaka?" Sai in ce, "Baba, sai Allah ya hore." Daga nan mu koma zancen damina.

Duk faɗin wurin gida uku ne ke da mutane. Ɗaya na wani tela ne da hayar cikin gari ta koro. Ya tada ɗaki guda, ya kewaye da zana, ya tare. Ruwa bido-bido ake kawo masa a amalanke, kuma mai amalanken ba don Allah yake tahowa wannan nisan ba. Kullum sai ya hau kabu-kabu zuwa shagonsa kusa da kasuwar Dole, ya hau ya dawo. Yaransa biyu ya bar su wurin ƙanwarsa a cikin gari saboda makaranta. Wata rana muka tsuguna a inuwar ɗakin, muka ɗauki tsinke muka yi lissafi a ƙasa. Abin da yake kashewa a ruwa da abin hawa ya zarce hayar da ya gudo mata. Ya dubi lissafin ya daɗe, sannan ya sa tafin hannu ya share.

Ni katanga ce ta tsayar da ni. Fili 20 bisa 20 sai an ja masa katangar mita 80 kafin mace ta zauna ciki da suturarta, kuma bulon da zai tada wannan katanga ya isa ya tada ɗaki biyu. Ga ramin shadda, ga ruwan gini da shi ma saye za a yi. Mutumin da ɗaki uku da madafi da ban-ɗaki suka wadatar, me zai yi da mita murabba'i 400? An ba shi babbar riga, ba shi da kuɗin wando.

Ba ni da tela kaɗai ba ne, ranka ya daɗe. A ƙidayar 1977 mutanen wannan birni ba su cika dubu 55 ba. A 1988 sun kusa dubu 120, a 2001 sun kai dubu 170, a 2012 sun haura dubu 235. Ninki huɗu ke nan da ɗoriya cikin shekara 35. Daga nan kuma matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011, ta jawo nata mutanen, jami'ar André Salifou na ɗibar ɗalibai daga ko'ina, duk shekarar da damina ta yi gardama kuwa ƙauyuka sai su juyo mana. Kowa ɗaki yake nema. Amsar da muka iya guda ɗaya ce, wadda muka gada tun zamanin Turawa: lotisma. A sami gonaki a bakin gari, a auna, a yanka murabba'i-murabba'i kamar ana yanka sabulu, a raba takardu. Da haka garin ke ta miƙa ƙafa ta hanyar Tanut, ta hanyar Mirya, ta hanyar Magarya, ta hanyar Yamai, alhali cikinsa na nan da kangaye.

Da a ce wani gari ne da sauƙi. Damagaram a kan dutse take zaune, ba a haƙa rijiya a tsakar gida a tarar da ruwa yadda ake yi a wasu wurare. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram, kuma ko jariri ya san abin da watan Afirilu da Mayu ke nufi a bakin famfo. Garin da ruwansa ke zuwa da ƙyar haka, kowane mita na bututu da aka ƙara masa nauyi ne. Bari in yi maka lissafi irin na allo. Hekta ɗaya mita murabba'i 10,000 ce. A cire kusan kashi ɗaya cikin uku don tituna da masallaci da makaranta, saura kamar 6,500. In an yanka 400-400, gida 16 ke nan. In an yanka 150-150, gida 43. Bututu ɗaya ne, wayar lantarki ɗaya ce, magudanar ruwa ɗaya ce, amma a tsari na biyu mutum 43 ne ke raba kuɗinsu maimakon 16. In kuma kowane gida ya hau bene ɗaya, ɗakunan sun ƙaru ba tare da an ci gonar kowa ba.

Ba zan ce hukuma ta naɗe hannu ba, ƙarya ce. Tun 1998 ƙasar nan ke da dokar da ta tsara manufar gidaje. A farkon shekarun 2000 an biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye, kuma da yawa daga cikin iyayengijinmu a wannan aiki ta nan suka mallaki wuri, ko da yake wasu sun karyar da takardun ga ƴan kasuwa tun tawadar ba ta bushe ba, don cikin gida ba ya jira. An yi alkawarin gidaje 25,000 masu sauƙin kuɗi a wa'adin mulki na biyu na Mahamadu Isufu. An buɗe bankin gidaje a ƙarshen 2018. A watan Oktoban 2024, bayan ɓarnar ambaliya, gwamnati ta rage farashin siminti, kuma duk wanda ya taɓa sayen buhu ya ji daɗin wannan. Mun kuma ga Zinder Sabuwa, gyaran garin da aka yi don bikin ranar Jamhuriya a Disamban 2018, mun ga yadda tituna da gine-gine ke tashi cikin ƴan watanni in gwamnati ta sa kanta. Allah ya saka wa duk wanda ya yi da niyya mai kyau.

Sai dai kusan duk waɗannan hanyoyi ƙofa ɗaya suke bi, ƙofar mai takardar albashi. Bashin banki sai da albashin da ke shiga asusu da takardar mallaka mai ƙarfi. Gidan da ake kira mai sauƙin kuɗi, in ka je ka gani, bila ce ƙarama, wato gida irin na Turawa, a tsakiyar babban fili, nesa da gari, wadda sai ma'aikaci mai kauri ke iya ɗauka. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun Janairun 2024, mafi yawan mutanen Damagaram kuwa ko wannan ba su da tabbacinsa: dukawa da majema, ƴan kabu-kabu, mata masu tuyar ƙosai, ƴan ga-ruwa, teloli. Su ba su taɓa shiga banki neman bashin gida ba. Bulo ɗari yau, ɗari bayan girbi, haka suke gini. Tsarin da bai san da wannan ba, ba da su yake ba.

Cikin gari kuwa ga yadda abin yake. Gidan da nake haya iyali shida ne a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ban-ɗaki biyu. Mai gidan wata Hajiya ce da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, da wannan haya take ci da su, don haka ba na cikin masu zagin masu gidaje a dunƙule. In ta ƙara kuɗi, ta san ranar da na fita mutum goma na bakin ƙofa da abansin wata uku a hannu. Ƙayyade haya da doka yana da nasa amfani, yana taka wa azzalumi burki, amma ba ya haifar da ɗaki ko ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai a aji nake ganinsa. Yaron da ya kai shekara goma sha uku a gidan da mutum takwas ke kwana a antire-kushe, wato ɗaki ƙwaya ɗaya, ba shi da makwanci a ɗakin uwarsa. Sai ya koma fada, majalisar samari ta bakin titi. Can zai kwana, can zai sha shayi har asuba, can zai koyi abin da zai koya. Da safe in gan shi yana gyangyaɗi a benci. Muna ta taro a kan tarbiyyar matasan Damagaram, ban taɓa jin an kawo maganar ɗakin kwana a wurin ba.

Abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne. Ka shiga Birni ko Zango da ƙafa, ka ɗaga kai. Tun kafin Bature ya zo, tun zamanin da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ganuwa, mutanen nan a matse suke zaune, bango na jingine da bango, lungu na ba lungu inuwa, attajiri ya hau bene, kuma duk da ƙasa. Ina ɗan shekara goma nake bin mahaifina wurin aiki, aikina miƙa tubali. Na ga yadda yake sa a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, yadda yake jera azara a kusurwa don ya rage faɗin ɗaki kafin ya rufe, yadda ake ɗaure bakan gizo ya ɗauki rufin babban zaure ba ginshiƙi a tsakiya. Bangon ƙasan bene kauri gare shi, yana sirancewa yana hawa. A ƙarshe a shafe da makuba, a kafa indararo, a fitar da zankwaye. Da bazara, lokacin da ɗakin kwano ke zama tanda, ɗakin soron kakata sai ka nemi mayafi da asuba. A 2006 an sa tsohon garin nan cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Baƙi na zuwa su ɗauki hoton bangayenmu, mu kuma muna jin kunyar a ce gidanmu na ƙasa ne.

Har a Yamai an ɗauki darasin. A 2016 Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasar nan mai zanen gine-gine, da abokan aikinta sun kammala wasu gidaje shida a unguwar da ake kira Niamey 2000, kowanne da bene ɗaya, da bulon ƙasa da aka matse da inji, a manne da juna, kowane gida da tsakar gidansa da wurin shan iska a sama. Da suka bayyana inda suka samo tunanin, tsofaffin birane irin su Tumbuktu da Kano da Zinder suka ambata. Wato an zo gidanmu an ɗebi wuta an kai Yamai, mu muna nan muna neman ashana. Ban ce waɗannan gidaje shida talaka ne ya shige su ba. Abin da suka nuna shi ne ana iya yi, kuma mai kuɗi ma ba ya ƙyamar ƙasa in an gina ta da kyau.

Na san abin da za a fara jefo mini, don ni ma ya tsaya mini a rai. Ranar 3 ga Satumban 2024 tsohon masallacin Birni, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwa. Na je na tsaya a gaban tarin ƙasar, ban iya cewa komai ba. A wannan daminar gidajen ƙasa da yawa sun faɗi a faɗin ƙasar, mutane sama da miliyan guda abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwanmu sun zama matsugunin waɗanda suka rasa muhalli. Wanda ya kwana a aji da ƴaƴansa, in ka ce masa ya hau bene na ƙasa, yana da haƙƙin ya harare ka. Amma mahaifina yana da wata magana da yake yawan yi wa masu ba shi aiki: ruwan sama ba ya kada bango, ruwan da ya kwanta ne ke cin gindinsa. Ka duba gidajen da ke faɗuwa. Za ka tarar an gina su a kwari ko a bakin tafkin da aka cike da shara, ko titi ya yi tudu ya fi tsakar gida, ko an shekara goma ba a yi yaɓe ba, ko an lulluɓe bangon ƙasa da siminti, laima ta shiga ta rasa mafita. Kuma yawanci ba su da harsashin kirki. Mu kuwa dutse har ya yi mana yawa. Dutsen da ya hana mu rijiya shi ne zai ba mu harsashi: a tada gindin bango da dutse da siminti har gwiwa ko ƙugu, daga nan a ɗora bulon ƙasa matsattse, a yi rufi mai zubar da ruwa nesa da bango. Simintin da aka rage wa kuɗi, a nan ya kamata ya tafi, ba a katangar mita 80 ba. Matsalar azara ma, tunda giginya ta yi ƙaranci, tana da magani: tun shekarun 1980 ake koya wa magina a ƙasar nan rufin ƙubba da bulon ƙasa ba tare da itace ba, kuma akwai waɗanda suka iya.

Magana ta biyu ita ce sutura, kuma ita ce ta fi hana bene a unguwanninmu. Ba wanda zai yarda maƙwabci ya hau sama yana kallon matansa suna daka. Gaskiya ne, kuma ba a jiya aka fara wannan rigimar ba. Magabata sun warware ta da tsari: tagar bene ta dubi titi ko tsakar gidan mai ita, ta zama ƙarama kuma sama da kai, rawanin soro ya fi tsayin mutum. Hadisin nan na babu cuta babu cutarwa shi ne ma'aunin. Abin da ya ɓace shi ne mai tsawatarwa. Yanzu mai kuɗi na tada bene da baranda ta ko'ina, maƙwabta su yi ta gunaguni, su koma shanya zannuwa don kare kansu, sai mutane su ɗauka laifin bene ne. A rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya, da Hausa, da boko da ajami, a zauna da malamai da masu unguwanni da tsofaffin magina a amince da ita, kada a ba kowa izinin hawa sama sai ya bi ta. Zancen cewa ruwan famfo ba zai hau ba kuwa, ni ba dogayen benaye irin na Abijan ko Legas nake nufi ba. Hawa ɗaya ne. Madafi da ban-ɗaki da randa duk a ƙasa, ɗakunan kwana biyu a sama.

Inda hannunka zai fi tasiri, ranka ya daɗe, wurin takarda ne, kuma wannan ba ya cin kuɗi. Gidan gado a Birni ko Zango ko Sabon Gari, magada goma sha biyu, ba ya rabuwa yadda kowa zai sami takardar kansa, sai a ce a sayar a raba kuɗi. Ɗan kasuwa ya saye ya mai da shi sito, magadan su watse cikin haya, kuɗin ya narke cikin shekara. Gidanmu haka ya tafi, shi ya sa nake inda nake. Da akwai hanya mai sauƙi ta ba mutum cikakkiyar takarda a kan mita 100 ko 120, da mu uku cikinmu mun zauna. Da ana iya rubuta cewa ƙasa na wane ne, sama na wane, da mun fi haka. Kada a ce wannan bidi'ar Turawa ce. Littattafan fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da halatta sayar da sararin da ke saman gini, muddin an siffanta ginin da za a ɗora. A tambayi malaman zaure, sun san wurin. Abin da ya rage shi ne ofis ya san da shi. Kuma ƙaramin fili mai takarda shi ne abin da kafinta zai iya saye da kuɗin adashi, ya gine shi cikin shekara uku maimakon ya mutu ya bar wa ƴaƴansa turaku huɗu.

Sai kangaye. Ka sa a zaga unguwannin da ruwa da wuta suka riga suka kai, a ƙirga filayen da aka kewaye aka rufe da kwaɗo shekara goma, ashirin, ba kowa ciki sai tumfafiya da ledoji da awakin maƙwabta. Wasu na marayu ne, wasu masu su na can ci-rani, waɗannan a bi su a hankali. Amma wasu an saye su ne kamar yadda ake sayen wake a ɓoye sai ya yi tsada. Bututun da aka ja da kuɗin jama'a yana wucewa ta ƙofarsu, yana ƙara musu daraja suna barci, mai buƙata kuma an tura shi bakin daji. Ban ce a ƙwace wa kowa ba, ƙwace ba ya haifar da alheri, kuma mun san wanda ake fara ƙwace wa in an buɗe wannan ƙofa. A sa musu haraji mai hawa kowace shekara, a sauke shi ranar da aka gina ɗakunan haya. Wanda ba shi da ƙarfin gini a haɗa shi da mai ƙarfi, da yarjejeniya a rubuce gaban hukuma, su raba ɗakunan. Wanda ya gina gida huɗu ƙanana a inda da bila ɗaya za ta zauna, a yafe masa kuɗin izinin gini.

Na san lotisma na kawo wa ma'ajin gari kuɗi, kuma gari na da ma'aikatan da ke jiran albashi da sharar da ke jiran kwasa. Ba na raina wannan. Amma cin iri ne. Kuɗin fili sau ɗaya ake karɓarsa, bayan nan shekara talatin mutanen wurin na bakin ofis suna neman ruwa, suna neman makaranta, suna neman likita, suna neman a zuba musu jar ƙasa a hanya. Manomin da aka yanke wa gona kuma, ƴan filayen da aka ba shi diyya in ya sayar ya cinye, shi ma ya shigo gari neman ɗakin haya, ɗansa ya sayi babur bashi ya shiga kabu-kabu.

Tun ran gini ran zane. Ba na neman a rushe ko'ina, ba na kuma neman wani gagarumin shiri mai suna da Faransanci da za a yi wa biki a watse. A nemi hekta ɗaya ko biyu cikin filayen hukuma da ke kusa da bututu, a kowace daga cikin gundumomi biyar na birnin nan in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a fara da ɗaya. A yanka ƙanana, a fara haƙa magudanar ruwa kafin a aza bulo ko ɗaya, a zuba harsashin dutse mai ɗaukar bene, a tada ɗaki ɗaya da ban-ɗaki, a bar wa mai gida sauran ya ƙarasa da ƙarfinsa bisa zanen da aka ba shi kyauta. Bangon tsakani na mutum biyu ne, kowa ya biya rabi. Ɗaliban jami'a da na makarantun koyon sana'a su auna ƙasar da za a buga bulo da ita, tsofaffin maginan Birni da suka rage su koya wa yara hannu tun ba mu kai su makwanci da iliminsu ba. Rabon kuma a yi shi da ƙuri'a a bainar jama'a, a liƙa sunaye a bango, wanda ke da gida kada ya shiga, wanda ya samu kada ya sayar sai bayan shekaru. In ba haka ba, mun san yadda takardun za su ƙare a jakar mutum uku.

Kada in cika ka da surutu, ranka ya daɗe. Ni ma ina cikin masu ajiye fili ba gini, ban fi kowa ba. Ranar da aka buɗe irin wannan wuri, takardata na cikin leda, zan kawo ta da hannuna. A karɓi mita 400 ɗina a ba ni 150 inda famfo yake, inda ƴata za ta iya zuwa makaranta da ƙafa. Dattijon nan kuma a bar masa gonarsa, dama shi ke nomanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani malamin makaranta, ɗan haya a Sabon Gari, Damagaram.